Hawa na Bakwai

Ɗiyata Marlene ta zo ranar Lahadi
da kwalba a akwatin katako,
tana tafe a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.
Ta manta ba ta ɓanɓare takardar kuɗin ba:
dala ɗari uku da arba'in.

Na ce, yarinya, tayoyi huɗu ke nan na tsohuwar motata,
har da juyen baƙin mai.
Ta ce, Baba, araha ba ta ado.
Na ce, to, wa zai yi adon? Ni?

Shekara talatin da ɗaya ina gara ganguna
a siton burbon na bayan Bardstown.
Katako ne da aka babbake cikinsa,
a ɗura ruwan masara fari tas,
a toshe, a kai sama, a juya masa baya.
Hawa na bakwai nan ne gidan zafi.
A watan Yuli kwanon rufi yana ƙara kamar mai ciwon baya,
ganga ta yi gumi, mu yi gumi,
ba ka sanin wane ne ya jiƙa daɓen.

Shekara sha biyu, in ji rubutun jikin kwalbar.
Na ƙirga da yatsu.
Shekarar da Verna ta kwanta ba ta tashi ba.
Shekarar da ganga ta kuɓuce wa Hollis Tackett
ta tafi da yatsunsa biyu,
ya naɗe hannun da rigarsa yana neman gafarar shugaban aiki.
Wa ya sani, ko wannan gangar ce.

Ƙarfinta sittin da biyar cikin ɗari,
ba a tsarma ta da ruwa ba, yadda ta fito haka aka rufe.
Masu kuɗi daga Louisville kan zo da ƙaramin littafi,
su shinshina, su lumshe ido,
su ce suna jin zuma, da ɓawon lemo, da fatar tsohuwar kujera.
Mu da muke shaƙarta kyauta tun asuba
ba mu taɓa sa mata suna ba.
Warin aiki ne, shi ke bin ka gida,
ya kwana a gashin kanka.

Na kira Hollis, ya tsallako shinge da kofin gwangwaninsa.
Kurɓar farko ta kama harshena kamar na lashi garwashi,
idanuna suka kawo ruwa,
Marlene ta zaci wani abu ne, ta kau da kai.
Na ɗiga ruwan rijiya, ɗigo uku, ban ƙara ba.
Sai wutar ta ja da baya kamar kare ya ga mai gida,
ga ƙamshin nan ya fito:
katako mai ɗumi, ƙurar tsani,
hasken ƙarfe huɗu ta ƙaramar taga.

An ce kowa ya ci zomo ya ci gudu.
Ba a faɗi ƙafar wa ta yi gudun ba.

Rabin gangar iska ke shanyewa kafin a buɗe,
shi ma mai saye ne ke biya.
Ana biyan akwatin, da zanen zinariya,
da haƙurin da wani ya yi a ofis mai sanyi.
Gwiwata ta hagu ba ta cikin lissafin.

Marlene ta ce, to Baba, ta ci kuɗinta?

Hollis ya riƙe kofi da yatsu ukun da suka rage,
ya duba ƙasansa, ya ce, ta dala talatin ma tana bugarwa.
Sannan ya miƙo a ƙara masa.

Ni dai na ce kuɗin bai yi daidai ba.
Ba ta tambayi ta wane gefe ba,
ni ma ban faɗa ba.
Na mayar da toshiya, na ɗora kwalbar a saman kabad
inda sai na taka kujera zan kai,
kuma likita ya hana ni taka kujera.